Ranar da Labbo Ya Rungume Ƙafar Inna Kulu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙetare gulbi daga Lolo ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in na ji ƙarar injin jirgin ruwa sai kunya ta dawo mini sabuwa fil.

Ni malamin firamare ne a Bagudo. Allah ya ba ni murya mai kauri da gira mai cika, amma bai haɗa mini da zuciyar da ta dace da su ba. Ko kaza aka ce in yanka sai na leƙa gidan maƙwabci neman taimako. To wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare ya faɗa harkar wasan kwaikwayo a Birnin Kebbi. Lokacin dogon hutu ya kira ni ya ce suna neman mai fuskar mugunta, kuma ni ya fara tunawa. (Har godiya na yi masa, don ku san irin hankalina.)

Suka ba ni matsayin wani magidanci wai shi Labbo, mai dukan matarsa saboda gishiri ya yi yawa a miya, ko don ta tsaya gaisawa da ƙanenta a ƙofar gida. Kafin ya kai mata hannu yana da wata al'ada: ya karkace hula, ya ɗaga hannun dama sama, ya ɗan dakata, ya daka tsawa, "Wa ka magana in Labbo na magana?" A wurin ɗauka ko taɓa matar ban taɓa yi ba. Wani ne ke tafa hannu a bayan kyamara, ita kuma ta zube ƙasa. Da an gama ta miƙe ta karkaɗe zanenta ta hau ni da faɗa kan na makara, ni kuwa in yi ta ba ta haƙuri.

Aka sa wasan a talabijin, daga nan masu tura fim a waya suka yaɗa shi har ƙauyukan da ko wutar lantarki babu. Kafin a koma makaranta na zama wani abu. 'Yan kabu-kabu in sun hango ni sai su saki hannu ɗaya daga kan babur su ɗaga shi sama, su kwatsa mini maganar Labbo. A teburin mai shayi wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Wanga shi na namiji, gida sai da tsawa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Matata kuwa kashi na farko kawai ta kalla, ta tashi ta koma wankinta, ba ta sake tambayar wasan ba. Mai ƙosan unguwarmu ta koma zaɓo mini ƙonannu. Duk na ɗauka yabo ne, na ce ai alamar na iya ke nan.

Ana cikin haka aka aiko mini za a yi sunan jikan gwaggona, wadda ke aure a wani ƙauye ta ɓangaren Benin. Damina ta ƙare ke nan, gulbi ya cika ya batse, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a shiga jirgi a Lolo. Na sa farar shadda, na ɗora hular Labbo a kai da gangan, na ce bari mutanen ƙetare ma su ga abin da suke gani a waya ido da ido. A nan ya kamata in gaya muku wani sirri. An haife ni kusa da gulbi, na girma kusa da gulbi, amma ban iya ruwa ba. Ko a bokiti ban yarda in nutsa kaina ba.

Jirgin na katako ne mai inji, an loda masa buhunan albasa, da kwandunan busasshen kifi, da babura biyu a kwance, sai mata 'yan kasuwa wajen goma. Mai jirgin wani tsohon Basarke ne, irin masuntan gulbin nan, marar yawan magana. Shi ya zaunar da kowa da hannunsa, wannan dama, wancan hagu, don nauyi ya daidaita. Sannan ya ce, "Kowa shi zamna inda na aje shi. Kar wanda ya tashi sai mun kai." Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi tsawon tafin hannu ba. Na duba sau ɗaya na kawar da kai.

Wadda ke fuskantata wata mata ce da ba za ta wuce shekara talatin ba, da goyo a bayanta yana barci, da ƙunshin kaya a cinya. Hannunta na hagu yana cikin mayafi, ba ta motsa shi. Kusa da ita wata dattijuwa ce ƙaƙƙarfa mai sayar da kifi, na ji ana kiranta Inna Kulu. Duk wannan daga baya na tuna shi. A lokacin ba abin da nake yi sai gyara hula da jiran a gane ni.

Sai da muka kai tsakiyar gulbi, inda ba ka hango komai a gaɓa sai kan giginya, sannan ɗaya daga cikin samari biyu masu baburan ya ƙura mini ido ya ce, "Kai! Wallahi Labbo na!" Ɗayan ya zaro waya. "Malam, don Allah yi muna ita. Sau guda dai."

Na yi ɗan jan aji na ƙarya. Sannan na manta da mai jirgi, na manta da gulbi, na miƙe tsaye. Na karkace hula, na ɗaga hannu sama, na cika ƙirji, na saki tsawar da ko a wurin ɗauka ban taɓa sakin irinta ba.

Matar da ke gabana ba ta yi ihu ba. Ta dai dunƙule wuri ɗaya, ta kare kanta da hannunta mai lafiya, ta watsa jikinta gefe da goyon da komai. Ta faɗa kan buhun albasa, buhun ya gangara, ya ja na kusa da shi, babur ɗaya ya zame ya bi su. Jirgin ya kwanta a gefe guda. Na ga ruwa ja-ja yana kwararowa ciki ta saman katako, inji ya yi tari biyu ya mutu. Yaron ya tsala kuka. Mata suka ɗauki salati, mai jirgi yana ihu a koma ɗaya gefen, wata Bafillatana ƙwaryar nononta ta kife a kan shaddata.

Ni kuwa, Labbo mai sa mata rawar jiki, ban san lokacin da na zube a cikin jirgin ba. Abin da hannuna ya fara samu shi na rungume, kuma ƙafar Inna Kulu ce. Na ƙanƙame ta da hannu biyu, na kifa fuskata a gwiwarta, ina kuka da majina ina cewa, "Wayyo Inna! Ban iya ruwa ba! Inna ki cece ni!" (Wandona ya jiƙe sharkaf. Na ce ruwan gulbi ne, kuma a kan haka zan tsaya har in mutu.)

Allah ya taimaka matan suka rinjayi ɗaya gefen, jirgin ya dawo daidai, amma ruwa ya kai idon sawu kuma inji ya ƙi tashi. Mai jirgi yana ta jan igiya, gulbi yana tafiya da mu a hankali. Inna Kulu ta fizge ƙafarta, ta fara duba matar nan da yaronta, ta gyara mata goyon. A lokacin mayafin ya zame na ga hannun, an ɗaure shi da karare da tsumma, ɗaurin gida. Sannan ta juyo gare ni ta cusa mini wata fasasshiyar roba ta ce, "Kwashe ruwan da ka zuba muna."

Na durƙusa ina kwasa, mata goma sun kewaye ni da ido. Wallahi a raina na gama yanke cewa jefa ni za su yi. Wa zai hana su? Samarin da suka zuga ni sun sunkuyar da kai, wayar ma ta ɓace. Na fara karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Wata mai albasa ce ta fara. "Ku dibe shi. Tun da anka hwara nuna wasan ga, mijina bai da wata magana sai tashi. Shi shigo gida shi ɗaga min hannu, wai wasa shi kai. Ɗiyana maza har sun iya, suna yi ma ƙannensu." Wata ta karɓe. "Ni ƙarshen na ya ƙone min rai. Ya karya ta, ya zubar mata da haƙori, kuma ita anka sa ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Shi ko ya yi hawaye guda biyu, shi ke nan ya zama mutumen kirki. Mi kunka nuhi da wannan?" Bafillatanar ta yi nata da Fillanci. Ban iya Fillanci ba, amma ban rasa ko kalma ɗaya ba.

Na ce da muryar da ni kaina ban gane ba, "Wallahi ba ni na rubuta ba. Wasa ne kawai, ko taɓa ta ban yi ba, wani ne ke tafa hannu."

Inna Kulu ta ce, "Mun sani wasa na. Ka ɗauka mahaukata muke? Wagga ɗiyar ƙanwata ta, yau da sahe na tai na ɗauko ta daga gidan nata Labbon. Shi ma haka shika yi, shi ɗaga hannu shi dakata, sai ta ɗauka ya hwasa, sannan shi sauke. Wagga dakatawa ba a rubuta ta ga takarda. Ina ka gane ta?"

Da a gaɓa muke da na yi ƙarya. Amma mutumin da yake ganin saura ƙiris a miƙa shi ga gulbi ba ya iya tsara ƙarya mai kyau. Na ce a ƙauyen da aka fara tura ni koyarwa na yi haya shekara biyu, katanga ɗaya ce tsakanina da wani mutum da matarsa, kuma katangar gajeriya ce. Na ce a wurinsa na ga hannun, a wurinsa na ji tsawar, har dakatawar. Da aka ba ni wasan ban sha wahala ba, shi kawai na tuno.

"To da kana gani, mi ka yi?"

Na ce, "Ina ƙara muryar rediyo."

Na runtse ido ina jiran hannuwa su ɗauke ni. Sai na ji wata siririyar murya, ta matar da tun da muka shigo ba ta ce uffan ba. Ba da ni take ba, da Inna Kulu take.

"Inna, ashe suna ji. Ni na ɗauka ba a ji."

Da sun jefa ni a ruwan, da ya fi mini sauƙi. Na ci gaba da kwasar ruwa kaina a ƙasa, hawaye na ɗiga a cikin robar, ba wanda ya sake kula ni. Can injin ya kama, muka isa gaɓa. Mai jirgi ya ce in na tashi dawowa in nemi wani jirgin, nasa dai ya sallame ni. Inna Kulu ta ɗora mini kwandon kifinta a kai ba tare da ta tambaye ni ba, na bi su a baya har bakin kasuwa kamar ɗan dako. Haka na isa gidan suna, ina warin kifi da tsamin nono, gwaggo tana tambaya ko jirginmu ne ya kife. Na ce kusan haka.

Abokina ya sake kirana za a yi kashi na biyu, na ce makogwarona ba lafiya. Darasin farko da na koya mai sauƙi ne: in mai jirgi ya ce a zauna, a zauna. Na biyun ya fi wuya ga matsoraci irina. Watanni bayan haka, da rana tsaka, na ji irin wannan tsawar daga wani gida a layinmu. Hannuna har ya kai kan rediyo. Na ajiye, na fita, na je na yi sallama a ƙofar da ƙarfi. Maigidan ya fito yana huci ya ce lafiya? Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, na ce aron gatari na zo.

Ya ba ni gatarin, gidan kuma ya yi shiru. Ban ce na gyara kowa ba, kuma har yau tsoronsa nake ji. Amma yanzu sau huɗu ke nan ina aron gatarin nan, ni da ko itace ba na faskarawa, kuma matarsa ta san ana ji.