Yadda Za Ka Ɓoye wa Likita Cewa Maraƙi Ne Ya Harbe Ka

Kai dillalin shanu ne da ake ji da shi a Moshi Zango, sai ga maraƙin da ko ƙaho bai fitar ba ya harbe ka a ciki? Bi matakan nan, na rantse girmanka ba zai zube ba.

1. Haɗiye zafin.
Miƙe ka kaɗe riga, ka ce santsi ne. Makonni su wuce, ciki yana kumbura, ka ce albarkar waakye ce, shinkafa da waken nan.

2. A asibiti, rage baki.
Bayan hoto, likita zai ce ruwa ne ya taru ya yi jaka a jikin fankiriyas, naman nan da ke bayan tumbi. Zai tambayi ko ka bugu a ciki. Ce masa, "Dokta, ikon Allah ne." Wa zai yi musu?

3. Yi hattara da Hikima.
Ita ce mai sa wa cututtuka lamba saboda inshora. Ba ta san ka ba, fayil kawai take gani, amma ta fi maraƙin naci. Likita ya rubuta "jakar ruwa" ya wuce, ita kuwa sai ta mayar masa: wace iri? Wadda ke biyo bayan kumburi ko rauni K86.3 ce, sauran lambarsu daban. Kuma in ita ce, me ya jawo ta? Rabin bayani ba ya shiga na'urarta. Irin waɗannan yara ne suka hana dattawa sakat.

4. Tara 'yan dubiya.
Liman da dillalai su kewaye gadonka. Ka ba su labarin bijimin da ka kayar da hannu ɗaya a Kwadaso. In likita ya ce su ba ku wuri, ka ce, "Ni ba ni da sirri koraa, ko kaɗan."

5. Musanta komai.
Likita zai fara lissafi. Tsakuwar matsarmama? Hoto ya ce babu. Bugu? Ka ce babu. Sai ya rage murya, ba sosai ba: "To Alaji, kar ka yi fushi. Kana ɗan taɓa apeteshi, barasar nan? Dole in rubuta."

Carbin Liman zai tsaya cak.

6. Zaɓi.
A nan Alhaji Rafi'u, wanda na fara gwada dabarar a kansa, ya tashi zaune da ledar ƙarin ruwa a hannu yana ihu: "Wallahi maraƙi ne! Ɗan ƙarami! Yasin mahauci ya gani!" Tausayinsa ya kama ni. Fayil ya cika, aka zuƙe ruwan, ya warke sumul.

Gargaɗi: girman da na rantse a kai, wanda ke wurin Liman nake nufi. In ka koma kara yara suna yi maka kukan maraƙi, babu ruwana. Alhaji Rafi'u dai yanzu kaji yake sayarwa a Adum.