Ranar da Na Gwada Fulogin Kawu

Wata shida na yi a jami'a ina gasa tangaran na sinadarin litiyam silikat don aikin kammala digirina, ina auna yadda yake tare wutar lantarki. Don haka ranar da babur ɗin Kawu Sale ya mutu mana a hanyar Toranke, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, ban ga dalilin neman bakanike ba.

Manoma uku suka ajiye fartanya suna kallo. Na kwance fulogi, na riƙe shi ta farin tangaran ɗinsa don mu ga ko yana ba da wuta.

Kawu ya ce, "Ɗana, hannunka fa a jiƙe yake."

Na ce, "Kawu, wuta ba ta ratsa tangaran. A kansa na yi digiri. Buga kawai."

Ya buga.

A zaune cikin taɓo na tuna cewa babi guda na rubuta kan abin da danshi ke yi wa tangaran.

Wani dattijo cikin manoman ya dube ni a natse, ya ce, "To, fulogi dai lafiyarsa ƙalau."

Har yau, in ƙwan lantarki ya ƙi kamawa a gidanmu, Kawu yakan ce, "A kira mai digiri ya taɓa mana, mu san ko akwai wuta."