Agogon Numfashi a Motar Na-Ikko

Duk wanda ya zauna a Lafiya a shekarar 1955 bai san Malam Abdulsalami Na-Ikko ba, zamansa bai cika ba. Allah ya yi wa garin nan baiwa da doya, da riɗi, da tashar jirgin ƙasa, amma duk ƙananan baiwa ne in an jera su da Malam Abdulsalami. Mutum ne mai zurfin ilimin zamani. Ya taɓa zuwa Ikko ya kwana tara, huɗu daga ciki yana kwance da zazzaɓi, ya dawo da tabarau da alƙaluma uku a aljihun gaba. Tun daga ranar ba a ƙara yin wani abu a gabansa bai ce, "A Ikko ba haka ake yi ba."

Mota ɗaya gare shi, babba, mai bodin katako, an rubuta mata a goshi SANI YA FI ƘARFI. Bai iya tuƙi ba. Kada wani ya ɗauka kasawa ce, ai manya ba su taɓa sitiyari. Ɗanladi direba ke wannan ƙaramin aiki, maigida kuwa ya hakimce a kujerar gefe yana ba da umarni. 'Yan tasha na kiransa Injiniya in yana kusa, in ya ba da baya su ce Injiniyan Kujera.

Da damina ta yi nisa sai ya je Jos, ya tarar da gwanjon kayan wani Bature mai komawa gida. Ya dawo da wani abu naɗe cikin hankici, kamar ƙaramin agogo, allura ɗaya, gefen hagu ja, gefen dama kore, da takardarsa ta Turanci. Ma'auni ne da ake liƙa wa mota don a ga yadda inji ke zuƙar iska. Injiniya ya tara jama'a a tasha, ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ga watan Sallah.

"Jama'a, jahilci ya ƙare a garin nan! Wannan da kuke gani agogon numfashin inji ne. Daga Makurɗi har Akwanga babu mai irinsa. Direbobinku suna sauraron inji da kunne kamar bokaye. Ni daga yau da ido zan karanta shi."

Aka kai mota gindin mangwaron Iorkyaa, wani makaniki Tibi da ya koyi aikin a soja, mutum mai ƙarancin magana da yawan baƙin mai a farce. Ya buɗe bonet, ya huda ɗan rami a jikin bututun da ke ƙarƙashin kafireta, inda inji ke shaƙar iska, ya ɗaura ɗan bakin ƙarfe a wurin. Ya saƙala siririn tiyo, ya zura shi ta bangon gaba har cikin mota, ya bi shi da yatsa ko'ina don kada ya yi yoyo. Aikin rabin awa ne. Ya ci yini guda, saboda Injiniya na tsaye a kansa da takardar Turanci, yana gyara tabarau yana cewa, "Haka ne. Takarda ma haka ta ce." Ita dai takarda ba ta musa ba.

Da aka zo kafa agogon, Iorkyaa ya nufi gaban direba, inda mai tuƙi zai gani. Injiniya ya yi tsalle kamar ya taka garwashi.

"Gaban wa? Ɗanladi ne ya je Jos? A gabana za ka sa, ka ɗan karkata shi wajen taga, masu wucewa su ma su ƙaru."

Aka kafa, aka ta da mota. Allura ta yi wuf ta haye kore ta tsaya cak. Injiniya ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun ranar da ya ga teku. Iorkyaa ya goge hannu ya ce, "Masta, bari na gaya maka yadda wannan abu yana aiki. Idan direba ya taka..."

"Dakata, makaniki. Kore lafiya, ja haɗari. Ko a Ikko haka yake. Kai da sifana, ni da ilimi, kowa ya tsaya a matsayinsa."

Iorkyaa ya tattara sifanunsa. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Ranar Alhamis aka samu aiki. Hembadoon, wata 'yar kasuwa Tibi daga wajen Assakio, ta tara sabuwar doya ƙwarya goma sha biyu, wato dubu da ɗari biyu. Ba tata kaɗai ba ce, har da ta matan ƙauyensu da suka damƙa mata noman shekara. Ta samu wuri a taragun jirgin da zai tashi arewa da la'asar. In ya wuce sai wani mako, sabuwar doya kuwa ba ta jure kwana bakwai a filin tasha tsakanin ruwa da rana. Ta faɗa wa Injiniya haka tun kafin a yi lodi.

"Kwantar da hankalinki, uwar doya," in ji shi. "Yau doyarki za ta yi tafiyar ilimi."

Da suka tafi ɗauko kaya mota wayam take, ba a samu matsala sosai ba. Da aka danƙare ta da doya, Hembadoon ta shiga gaba tsakanin direba da maigida, sai ilimi ya fara aiki. Ɗanladi ya taka totur don mota ta ɗauki hanya, allura ta faɗa ja.

"Ɗaga ƙafarka! Za ka kashe mini inji!"

Ɗanladi ya ɗaga. Allura ta koma kore, mota ta koma rarrafe. Haka aka yi ta yi har Adogi. Masu keke suka wuce su. Wani tsoho da jakinsa ya wuce su, ya yi musu sannu, ya ƙara waiwayowa ko suna bukatar taimako. In an zo gangara kuwa, inda mota ke tafiya da nauyinta, allura kan haye can ƙarshen kore, Injiniya ya buga cinya ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne tuƙin Turawa!" Hembadoon ba ta kallon allura. Rana take kallo, ranta yana ƙuna.

Dab da Akurba akwai wani kwari mai taɓo, da ɗan tudu bayansa. Kowane direba ya san da gudu ake shigarsa, da ƙarfi ake fita. Ɗanladi ya ce, "Ranka ya daɗe, nan sai an ba ta wuta." Injiniya ya miƙa hannu ta gaban Hembadoon ya riƙe masa gwiwa. Mota ta shiga taɓo a hankali kamar baƙuwa, ta kama tudu, ta yi tari biyu ta mutu. Ɗanladi ya sauka ya wana injin da hannu, ta tashi. Ga su nan tsaye a gindin tudu, inji na gurnani a banza, allura na kan kore tana sheƙi. Daga can cikin gari sai ga kukan jirgi.

Hembadoon ta ji kukan nan sarai. Ta tuna matan da za ta koma ta duba da ido. Amma ba ta yi ihu ba, ta daɗe a kasuwa. Ta sassauta murya ta ce, "Maigida Injiniya, mota yana zamewa baya. Dutse na bayan taya, ba kowa ya iya sa shi daidai ba. Sai mai ilimi."

Wannan gaskiya ta shige shi. Ya tattare babbar riga, ya sauka cikin taɓo da takardarsa a hannu, ya zaɓi dutse bisa ƙa'ida, ya duƙa bayan taya. Hembadoon ta kwance ɗankwali ta rufe agogon, ta dubi Ɗanladi.

"Ɗan'uwa, taka shi!"

Ɗanladi ya taka totur har ƙasa, takun da ƙafarsa ke marmari tun safe. Mota ta yi ruri, tayoyi suka watsa taɓo baya, ta haye tudu kamar an kore ta. Tsayawa a tsakiyar tudu haɗari ne, kowa ya sani, don haka Ɗanladi bai tsaya ba sai a tashar jirgi. Doyar ƙarshe ta shiga taragu mai tutar sallamar jirgi na ɗaga hannu.

Injiniya ya shigo gari a ƙafa, taɓo tun daga hula har takalmi, tabarau ido ɗaya. Bai nufi gida ba sai gindin mangwaro, 'yan tasha na biye da shi.

"Makaniki, ka ɓata mini agogo! A Ikko da tuni an ɗaure ka. Me ya sa duk sanda mota za ta yi tafiya yake faɗawa ja?"

"Masta, agogo lafiya ne," in ji Iorkyaa. "Shi na so na gaya maka rannan. Idan inji yana jan kaya, dole allura ya sauka. Ba ya hawa sama sai inji yana zaman banza, yana ƙara, ba ya aikin komai."

Can daga baya wani ɗan dako ya ce, "Allahu akbar. Ashe ma'aunin maigida aka sayo."

Har yau ban ji an cire agogon ba. Masu doya dai sun koma wasu motoci. Kowace safiya Ɗanladi kan ta da inji a ƙofar gida, Injiniya ya hau kujerarsa ya gyara tabarau, masu wucewa su leƙa ta taga. Allura na can ƙololuwar kore, mota ba ta motsa ko taku ɗaya.