Ranar da Na Kankare wa Yaya Issaka Kawa

Ba zan taɓa mantawa ba da aikin alherin da na yi a New York, wanda har yau in na tuna sai na rufe fuska. Farkon shekarun saba'in ne, maigidana yana aikin ofis, muna zaune a unguwar Stapleton, ni kuma na shiga jami'a. Na samu ɗan aiki a ɗakin binciken halittun ruwa (ni 'yar Gusau da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi).

A can na haɗu da Yaya Issaka, Bahaushen zango daga Ghana, yana karatun digiri a kan kawa, dabbar ruwan nan mai ɓawo biyu. Ni dai ɓawon na sani. Makankari ne, da shi innata ke kankare ƙanzo.

Wata Juma'a ya shigo da kwanduna cike da ɓawo daga bakin ruwa, ya tsoma su a baho, ya ruga masallaci. Na leƙa, na ga gansakuka da wasu ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje. Na ce a raina, maza dai ba su iya tsafta ba. Na naɗe hannun riga, na ɗauki ɓawo ɗaya na kankare sauran tas, har da sabulu. Na jera su suna ƙyalli, na zauna jiran godiya.

Da ya dawo ya dubi ɓawon da na jera.

"Ƙanwata, ina 'ya'yan?"

"Waɗanne 'ya'ya, Yaya?"

Ashe ƙurajen nan su ne 'ya'yan kawa. Yawo suke a ruwa har su sami tsohon ɓawo a inda kogi ke gauraya da ruwan gishiri, su manne, ba su ƙara motsi. Dama ya rataya ɓawon ne cikin ruwa a wurare daban-daban don ya gano inda suka fi zama, domin mai kiwon kawa da bai san wurin ba, ba shi da iri. Kuma lokacin zafi kaɗai suke zama. Digirinsa kaf na wanke da sabulu.

Na fashe da kuka, na ce yau korata za a yi, zan je in faɗa wa farfesa da bakina.

"Zauna," in ji shi. "Ni ne ban gaya miki ba. Haka zan ce masa."

Haka kuwa ya ce. Ya sha faɗa, ya ƙara shekara a garin nan, 'yarsa da ya bari a goye a Ghana ta fara tafiya ba ya nan. Bai taɓa goranta mini ba, sai dai in ya zo cin tuwo gidanmu ya riƙe kwanonsa gam, ya ce, "Ban gama ba, kada ki kankare."

Allah ya saka wa Yaya Issaka da alheri, ina jin nauyinsa har gobe. Tun daga ranar, ko cokali na gani da datti a gidan mutane, sai na tambaya ko akwai mai zama a kai.