Dokin da Ya Sha Ruwan Babban Baƙo

Jama'a, ranar Asabar ɗin da ta wuce an tashe ni daga kan kujera sau uku a wuni ɗaya, kuma har yau ban san laifin da na yi wa kujerun ba. Ta farko aka ce ta manyan baƙi ce. Na koma layi na biyu, aka ce nan na 'yan rakiyar manyan baƙi ne. Na lallaɓa can ƙurya na samu wata mai ƙafa uku da rabi, ina zama sai ga wani mai kati rataye a wuya, ya ce a kanta za a ɗora jakar mai ɗaukar hoto. Ni Liti, da furfurata, ashe jaka ta fi ni matsayi. Na miƙe na ba ta wuri, har da yi mata sannu da zuwa.

'Yata Zakiyya ce ta jawo mini. Ta gani a waya wai masana sun ce sukuwa zalunci ce ga doki, ana dukansa, ana sa shi gudun da bai yi niyya ba. Ta ce, "Baba, ku da kuke rubutu a jarida ba kwa cewa komai?" Na ce mata ni ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, wannan aikin manya ne. Da ma an yi shelar sukuwa a wani fili ta wajen Beli, sai na ce zan je in gano wa idona. Maƙwabcina Shitu ya ce zai kai ni a babur. Ya shiga layin mai daga asuba, ya fito da hantsi, muka bar Karaye yana tsine wa duk wanda ya tuna sunansa.

A filin na haɗu da Bappa. Mutumin Beli ne, manomi ne mai 'yan shanu, ya haura hamsin amma siriri ne ƙwarai, shi ya sa har yanzu shi yake hawan dokinsa da kansa. Dokin fari ne, Kili yake ce masa. Bayan mun gaisa, na tambayi gida, na tambayi shanu, na tambayi zafi, sai na ce, "Bappa, wai da gaske kuna zaluntar dabbobin nan?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam Liti, je ka tambayi iyalina. Dokin nan kafin in karya sai ya karya. Harawarsa daban, dusarsa daban, kanwarsa daban. Shekara guda ina shirya shi saboda yau. Filin nan da kake gani, mahaifina yana cikin waɗanda suka tumɓuke kututturansa da hannu. Ban taɓa fashin sukuwa a nan ba tun ina saurayi."

Ya kuma koya mini wani abu da ban sani ba. Dokin da zai yi tsere ba a ba shi ruwa. Ana ɗauke masa bokiti awanni kafin a fara, domin in cikinsa ya cika ba zai yi gudu ba, yana ma iya jawo masa ciwo. Tun kakanni bayan la'asar ake sukuwa, in rana ta yi sanyi, a gama cikin 'yan mintoci, kowa ya shayar da dokinsa. To bana kwamiti ya gayyato Babban Baƙo, Mai Girma Inuwar Talakawa, Rumfa Sha Tafi, Allah ya ƙara masa jiniya. Shi kuwa yana da wasu tarukan guda uku a ranar, saboda haka aka dawo da sukuwa ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar bazara. Masu dawaki suka ɗauke ruwa tun da safe.

Ƙarfe ɗaya aka ce a ɗaura sirdi, a jera dawaki a gaban rumfa, don Mai Girma ya tarar da su a shirye. Akwai wani ƙaton durumi a gefen filin, inuwarsa za ta ɗauki dawakin duka har da masu su. An zagaye shi da igiya, domin a nan motocin Mai Girma za su huta. Ban ga laifin kwamiti ba. Mota aba ce mai rauni, in ta sha rana fentinta yana dusashewa.

Ƙarfe biyu mai lasifika ya ce, "Jama'a, albishirinku! Mai Girma ya taso!" Muka yi tafi. Ƙarfe uku ya ce Mai Girma yana hanya. Uku da rabi muka ji jiniya, makaɗa suka saki kiɗa, mahaya suka haye, dawaki suka fara rawa. Mota ta tsaya, sai ga mutum biyu sun fito da wata kujera ta musamman mai hannun zinariya, suka ajiye ta a tsakiyar rumfa, suka goge ta, suka tsaya a bayanta. Shitu ya ce, "To alhamdu lillahi, mazauni ya iso, saura mai zama." Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta ce ya yi wa Allah ya rufa mata asiri, kada a haɗa da ita a kama.

Ni kuwa tun da aka raba ni da kujeru, na samu wuri a bayan rumfa, kusa da wani ƙaton baho da aka cika da ƙanƙara aka jera lemon manya a ciki. Ba don wani mugun nufi na zauna a nan ba, wurin ne kawai ya fi sanyi. Daga nan ina hango dawakin. Da farko suna haniniya suna tona ƙasa. Zuwa la'asar duk sun yi shiru, kawuna sun sauka. Wallahi sai na ji babu daɗi, domin dabba ba ta san Mai Girma ba, ba ta san me ake jira ba, ita dai ta ga an tsayar da ita a rana an hana ta ruwa.

Bayan mun yi la'asar, wajen ƙarfe biyar saura, na ga Bappa ya tsunkuli fatar wuyan Kili ya saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ya sa yatsa a bakin dokin, ya fito da shi a bushe. Gumin ma ya daina fita. Sai ya sunkuya ya fara kwance sirdi.

Kafin ya gama sai ga Alhaji Sabi'u, shugaban kwamitin shirye-shirye, yana tafe yana tattare babbar riga, waya biyu a hannu.

"Bappa! Me kake yi haka?"

"Ranka ya daɗe, ruwa zan ba shi."

"Ruwa? Yanzun nan aka bugo mini, Mai Girma ya shigo garin Turawa!"

"Ranka ya daɗe, tun ƙarfe uku yake shigowa Turawa. Dokin nan in ya yi gudu a haka, faɗuwa zai yi. In ma bai yi gudun ba, ban ga alamar zai kai magariba a tsaye ba."

Alhaji Sabi'u ya matso, ya rage murya, amma ni kunnena ba ya hutu. Ya ce, "An buga a takarda doki goma sha biyu. An kai wa Mai Girma, ya gani da idonsa. So kake ya zo ya ƙirga sha ɗaya, a ce ban iya shirya taro ba? Na rantse maka, in ka sauke sirdin nan, kai da filin nan har abada. Ko kallo ka zo sai an kore ka."

Sauran masu dawaki suka sunkuyar da kai, kowa yana shafa wuyan nasa. Na dubi Bappa, hannunsa yana kan sirdi, idonsa yana kan filin. Ni da nake gefe na san abin da filin nan yake a wurinsa. Can ya yi wa dokin wata magana da Fulatanci wadda ban ji ba, ya ɗaga sirdin ya ajiye a ƙasa.

Ya ce, "To, Alhaji, Allah ya ba mu alheri."

Saura ruwa. Rijiya tana cikin gari, tafiya ce mai nisa, ga doki yana layi. Bappa ya ɗauki bokiti yana waige-waige. A nan ne ni ma na shiga tarihi. Na dubi bahon da ke gefena, ƙanƙarar ta narke tun azahar, ruwan har ya yi ɗumi, kwalaben lemo suna ta iyo a ciki. Na yafito Shitu, ya kama kunne ɗaya na kama ɗaya, muka karkata bahon muka tsiyaye wa Bappa bokiti guda. Ina so hukuma ta sani ko kwalba ɗaya ba mu taɓa ba, duk da cewa Shitu ya kawo shawarar hakan.

Bappa bai bar shi ya sha gaba ɗaya ba. Kurɓi kaɗan, ya janye bokiti, ya jiƙa masa wuya da ƙirji, ya jira, ya sake ba shi. Ina tsaye ina jin ƙarar haɗiyar dokin nan, sai na ji idona ya kawo ruwa, na ce wa Shitu rana ce. Mai katin nan da ya ba jaka kujerata ya zo yana kumfar baki, wai mun shayar da dabba ruwan Babban Baƙo. Na ce masa ya yi haƙuri, a duk waɗanda suka zo taron nan, dokin ne ya fi kowa daɗewa da zuwa.

Mai Girma ya iso shida da kwata, mota tara, suka shige ƙarƙashin durumi lokacin da babu sauran rana. Aka yi addu'a. Aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba. Alhaji Sabi'u ya yi jawabin maraba, ya ce tun da aka kafa ƙasar nan ba a taɓa samun shugaba mai kiyaye lokaci irin wannan ba. Sannan Mai Girma ya miƙe. Kai, Allah ya yi wa bawan nan baki! Ya yi magana a kan tausayin dabbobi har sai da wata mata ta share hawaye. Ya ce doki amana ne. Ya ce duk wanda ya wahalar da doki ba ya tare da shi. Ya yi alkawarin gina wa dawakin yankin nan wurin shan ruwa na zamani mai aiki da hasken rana. Dawaki sha ɗaya suna tsaye a gabansa, harshe a waje, suna saurare.

Yana cikin jawabi aka kira magariba. Wani ya raɗa masa magana a kunne. Ya gyara murya ya ce, saboda tausayin da yake yi wa waɗannan bayin Allah, ba zai yarda a sa su gudu a cikin duhu ba, an ɗage sukuwa sai wani lokaci. Tafi ya ɓarke. Mai lasifika ya ce a rubuta wannan rana da ruwan zinare. Ko ƙirga dawakin bai yi ba, jama'a. Da jakuna aka jera masa, da haka zai yi musu jawabi ya tafi. Masu dawaki suka ja su da sauri zuwa rijiya, biyu sai da aka tallafe su. Washegari na ji har yanzu ana yi wa ɗaya magani.

Na tari Alhaji Sabi'u kafin ya shiga mota, na ce, "Ranka ya daɗe, tunda ba a yi tseren ba, ai maganar Bappa ta wuce ko?" Ya ce kwamiti ba ya magana biyu. Wannan ya burge ni. A ƙasar da aka yi mana alkawarin gyaran hanyar gonakinmu sau huɗu, ga shi an samu alkawari ɗaya da za a cika.

Da na dawo gida Zakiyya ta tare ni tun daga zaure. "Baba, ya aka yi? Zalunci ne ko ba zalunci ba ne?" Na ce mata ban sani ba, domin ban ga sukuwa ba. Gudun minti uku aka ce in je in duba, ni kuwa tsayuwar awa biyar na gani. Masanan nata su zo su auna wannan ɗin tukuna, in sun gama da dawaki kuma ga mu nan a layin mai, mu ma a tsunkuli fatarmu a gani.

Ranar kasuwa na haɗu da Bappa a Rogo, ya zo sayen kanwa. Na yi masa jaje. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, abin yana ci masa rai, in ya bi ta gefen filin nan kau da kai yake yi. Na ce to Kili fa?

Sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Jiya da sassafe na kai shi fadama. Ni da shi kawai, sai balbelu. Na sakar masa linzami."

"Ya yi gudu?"

"Malam Liti, hulata har yanzu ban gan ta ba."

Ya faɗa mini sunan fadamar, ya ce in ina so in zo in kalla. Ku gafarce ni, masu karatu, ba zan rubuta sunan a nan ba. Manya ma suna karanta jaridar nan, kuma dokin bai gama murmurewa ba.