Injiniya Gwada-Yanzu

Kamfanin buga littattafan makaranta da ke hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tayoyi, Allah ya yi masa baiwa da wani mutum wanda ko a manyan ma'aikatu sai an tona kafin a samu irinsa. Shi ne Injiniya. Ba wata jami'a ce ta ba shi wannan suna ba. Shi ya zauna ya auna cancantarsa, ya ga ta kai har ta yi rara, ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a ƙofa da manyan baƙaƙe. Ɗakin dai tsohon wurin ajiye kwalaye ne, amma tun ranar da ya shiga ya zama Sashen Fasaha. Shi ne shugaban sashen, shi ne mataimaki, shi ne kuma sauran ma'aikata.

Satifiket bakwai ne a bangonsa cikin gilashi. Biyar na taron bita ne na yini ɗaya. Na shida kwafin na biyu ne da aka sake bugawa da launi. Na bakwai kuwa ba wanda ya taɓa karantawa, don a bayan kujerarsa yake, shi kuma ba ya tashi saboda kowa.

Amma ainihin darajarsa tana cikin baƙar jakar da ke rataye a kafaɗarsa, inda laftof ɗinsa take kwana. Da ita yake zuwa aski, da ita yake zuwa gareji, a kanta yake kallon ƙwallo, wayarsa na ba ta intanet duk inda ya zauna. In ya gama wani aiki, ko da sauya wa firinta takarda ne, sai ya ɗora yatsu biyu a kan murfin, ya dubi mutanen da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ƙwas! Wannan ƙarar ita ce sa hannunsa.

To, a kamfanin akwai wata mata da kowa ke kira Anti. Shekararta ashirin da biyu tana gyara rubutu da tsara shafuka, idonta ba ya barin ko ɗigo ya wuce a karkace. Sai mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga shi ba shi da kowa sai ita. Ta roƙi Manaja ya bar ta ta yi aiki daga gida. Manaja ba mugu ba ne, amma masu satar bugu sun taɓa yi masa ta'adi, tun daga nan ya kafa doka: ko shafi ɗaya ba zai fita ƙofar kamfani ba sai an buga shi. Ga kuma littafin kimiyya mai shafi ɗari uku da dole ya shiga inji kafin a koma makaranta.

Nan ne Injiniya ya gyara zaman tabaransa.

"Yallaɓai, ka bar wa ilimi aikinsa. Zan ƙirƙiro kwamfuta marar jiki. Ba ta da waya, ba ta da fanka, ɓarawo ba zai ɗauke ta ba, ɓera ba zai ci ta ba. Littafin yana cikinta a kulle. Anti tana zaune gefen gadon Baba za ta leƙo daga tata kwamfutar, ta ga fuskar wannan, ta yi aikinta daga nesa. Shafi ko ɗaya ba zai sauka a gidanta ba."

Manaja ya ce, "To ita wannan marar jikin, a ina take zaune?"

"A sama, Yallaɓai. Cikin gajimare. Irin wannan tambayar ma an daina yin ta."

Manaja ya ji kunya ya bar zancen. Ya ba Anti wata ɗaya na gwaji: in littafi ya kammalu, ta ci gaba daga gida, in bai kammalu ba, ko ta dawo ofis ko ta ajiye aiki. Kowa ya san ba za ta iya dawowa ba.

A yi wa Injiniya adalci, irin wannan kwamfuta akwai ta. Sai dai 'yar haya ce. A cikin wata kwamfuta ta gaske take kama ɗaki, in mai gida ya yi barci ita ma ta yi. Mutumin da ke cikin bidiyon da Injiniya ya kalla ya faɗi haka a minti goman farko, amma Injiniya ya tsallake wurin, don gabatarwa ta 'yan koyo ce. Ya buɗe laftof ɗinsa, duk inda ya ga an danna ya danna, abu ya tashi. Bai taɓa tambayar kansa a gidan wa ya sauke 'yar hayar ba.

Ranar gwaji a ofis komai ya tafi sumul. Washegari da hantsi, yana kan kujerar aski an shafa masa kumfa, sai ga wayar Anti: fuskar kwamfuta ta daskare, an rubuta mata cewa an kasa haɗawa. Injiniya ya ɗaga wa mai aski hannu, ya zaro laftof, ya buɗe wani baƙin shafi da fararen rubutu ke gudu a kai, wanda shi ma bai san abin da suke cewa ba, ya haɗe gira na minti ɗaya.

"Gwada yanzu."

Ta gwada, ta shiga. Ta yi ta godiya. Injiniya ya dubi mai aski ta madubi, ya dubi masu jiran layi, ƙwas! Kafin a gama gyara masa gemu wayar ta sake ƙara.

Haka aka yi ta yi. Ta kira, ya buɗe, ya ce gwada yanzu, ta shiga, ya rufe. Cikin mako guda ma'aikata suka daina ce masa Injiniya a bayan ido, sai Gwada-Yanzu. Da sunan ya iso kunnensa bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ɗauka kirari ne.

Mutum mai ƙaramin sani da ya fara zargin kansa. Injiniya kuwa ya fi ƙarfin wannan. Ya sauya wa Anti kalmar sirri sau huɗu, kowace ta fi ta baya tsawo, har ta ƙarshen sai da ta cinye layi biyu a takarda. Ya ce intanet ɗinta ne, ta sauya layi. Ya ce ƙarafan tagarta ne ke tare sabis, ta janye tebur zuwa tsakiyar ɗaki. Ya ce gadon ƙarfen Baba ne ke shanye sigina, ta kira maƙwabta aka ciccibi tsoho aka juya gadon. Ita dai ba ta musu. Tana kashewa tana kunnawa, tana juya Baba, tana ba shi magani, tana dawowa ta tarar abu ya sake daskarewa. Wani lokacin sai ta kifa kai a tebur ta yi kukanta a hankali don kada tsohon ya ji.

Rannan ya yi mata alfarma ya je gidan da kansa. Ya zauna a falo, ya buɗe laftof a cinya, ya ce ta gwada. Awa guda cur abu bai yanke ba. Ya sha shayi kofi biyu, ya yi wa Baba bayanin gajimare, tsohon na kallonsa da ido ɗaya.

"Kin gani ko, Anti? Na'ura ta san mai ita. Da ta ji ina kusa sai ta shiga taitayinta. Abin a hannu yake, ba kowa aka ba ba."

Ya rufe, ya saɓa jaka, ya fita. Bai kai bakin titi ba ta daskare.

Mako uku suka wuce, shafi casa'in kacal aka gama. Manaja ya nemi rahoto, Injiniya ya rubuta shafi huɗu. Taƙaicinsa shi ne na'ura lafiyarta lau, mai amfani da ita ce zamani ya wuce, gara a nemo matashi. Yana rubutawa har tausayinta ya kama shi, ya ce a ransa shugabanci ba sauƙi.

Aka sa taro ranar Litinin. Anti ta bar Baba a hannun maƙwabciya na awa biyu, ta zo da tata kwamfutar da wani ɗan littafin rubutu, idonta ya faɗa. Injiniya ya sa aka haɗa kwamfutarta da majigi don kowa ya shaida. Shi kuma ya buɗe tasa a gabansa, rahoton na ciki. Ya ce ta gwada yanzu. Ta gwada, sai ga littafin kimiyya ɓaro-ɓaro a bango, shafi na casa'in da ɗaya, hoton zuciya da jijiyoyinta.

Ya miƙe tsaye. Ya yi minti ashirin yana magana a kan ƙasashen da suka ci gaba, da wahalar da masana ke sha a hannun jama'a, da yadda yake hana kansa hutu saboda kamfani.

"Saboda haka, Yallaɓai, ga shi a bango kowa na gani. Ni nawa aikin ba shi da tabo. Wanda bai iya ba, sai ya ba da wuri. Na gama."

Yatsu biyu. Kallo ɗaya bayan ɗaya. Ƙwas!

Ba a yi daƙiƙa goma ba wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar zuciyar nan ta bango: an kasa haɗawa.

"Kun gani!" in ji Injiniya. "Ta taɓa wani abu!"

Kowa ya juya. Hannuwan Anti biyu suna kan cinyarta, riƙe da ɗan littafinta. Ba bangon take kallo ba, murfin take kallo, irin kallon da take yi wa kalmar da aka rubuta ba daidai ba.

"Injiniya, don Allah ɗan buɗe ta."

Ya buɗe, don ya nuna mata iyakarta. Bango ya dawo.

"To ɗan rufe."

Bai rufe ba. Manaja ne ya miƙo hannu ya rufe. Bango ya ɗauke. Ya buɗe, ya dawo. Sau uku yana yi, kamar yaron da ke son ya kama fitilar firji tana mutuwa.

Anti ta buɗe ɗan littafinta. Ashe duk lokacin da abu ya yi aiki da lokacin da ya yanke tana rubutawa. Ta ce, "Yallaɓai, ranakun da na fi samun aiki su ne Talata da Asabar, daga huɗu zuwa shida. Ban gane dalili ba sai da na lura a lokacin ne maƙwabta ke ihun ƙwallo. Wallahi har addu'a nake yi a tashi canjaras a ƙara lokaci."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Manaja bai yi dariya ba. Ya dubi baƙar jakar da ke jingine da ƙafar kujera.

"Wato littafina, da na ce ko shafi ɗaya kada ya fita ƙofar nan, a cikin wannan jakar yake yawo?"

Injiniya ya buɗe baki zai yi bayanin gajimare, Manaja ya tare shi.

"Ya je aski?"

Injiniya ya gyara zaman tabaransa.

"Ya je gareji?"

A karon farko tun da aka kafa Sashen Fasaha, shugaban sashen da mataimakinsa da sauran ma'aikata suka rasa ta cewa a lokaci guda.

Aka ƙara wa Anti wata ɗaya. Aka ɗora laftof ɗin a saman durowar ofishin Manaja, a buɗe, an jona ta da caja. Anti ta yago takarda daga ɗan littafinta ta rubuta da jan bironta na gyara: KADA A RUFE. Aka manna a jikin murfin. Tun daga ranar abu bai sake yankewa ba. Ta gama littafin da saura kwana huɗu, tana zaune gefen gadon mahaifinta, wanda aka mayar inda yake tun asali.

Injiniya yana nan, kada ku damu. Kullum yana zuwa da baƙar jakarsa, an cusa mata tsofaffin jaridu don kada ta lotsa. Ya shaida wa mai aski cewa fasaharsa ta kai matakin da take aiki ba sai ya taɓa ta ba, kuma wannan karon bai yi ƙarya ba. A watan jiya ya ɗauki hutun mako biyu, sai da ya dawo aka san ya tafi. Amma ranar da fanka ta hure takardar nan ta faɗo ƙasa, mutum uku ne suka tashi a guje suka mayar da ita bakin aikinta.