Farfesan Takarda da Kwalaben Maama Kyarisiima

Duk Titin Nasser da ke Kampala, tun daga masu buga katin biki har mu masu yanka takarda a ƙarƙashin bene, babu wanda Allah ya ba ilimin takarda kamar Mista Lubwama. Shi da kansa ya gaya mana, kuma ba sau ɗaya ba. Mu taɓa takarda kawai muke yi. Shi kuwa sai ya shinshina ta, ya kaɗa ta kusa da kunne, ya lumshe ido, ya faɗi ƙasar da aka sare bishiyarta. Shagonsa bai fi tsayuwar mutum uku ba, amma "Hedikwata" aka rubuta a ƙofar. Da tsokana muka sa masa Farfesa, shi kuma ya je ya buga a katinsa.

Ran nan sai ga Maama Kyarisiima, mutuniyar Kabale mai sayar da kunun dawa a unguwar Kireka. Za ta aurar da 'yarta Ninsiima, ta dama kunu kwalba ɗari uku. Rabi bushera ce zalla, ko yaro ya sha. Rabi kuwa enturire ce, wadda aka zuba wa zuma ta kwana ta yi ƙarfi, kwalba biyu ke sa dattijo ya manta da sandarsa. Launi ɗaya, kwalba iri ɗaya. 'Yan'uwanta sun ce babu enturire babu biki. Dangin ango kuma mutanen coci ne na gaske, sun rantse in giya ta taɓa teburinsu za su tashi. Mutuncin matar nan kaf ya rataya a kan 'yar sitikar da za a manna wa kwalba.

"Ssebo, ranka ya daɗe, ta roba nake so, wadda ruwa ba ya ci," in ji ta. "A ƙanƙara za su yini."

Farfesa ya dafe ƙirji.

"Roba! Nnyabo, ranki ya daɗe, roba ta 'yan boda masu acaɓa ce, su manna a bayan babur. 'Yarki za ki aurar ko man birki za ki sayar?" Ya zaro wata takarda mai kaushi, ruwan madara. "Daga Italiya. Ba a shafe ta da komai ba, numfashi take yi. Taɓa ki ji. A'a, ba da wannan hannun ba, kin ci gyaɗa."

"To ruwa fa?"

"Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Ruwa in ya ga irin wannan takarda, ja da baya yake yi."

Haka ta yarda, ya buga mata sitikun a takardar Italiya, mu da muka yanka ta gayyace mu. Ranar biki shi ma ya zo ba gayyata, cikin kwat, yana raba katinsa. Aka jera kwalabe a bahon ƙanƙara. Ruwan Kireka dai bai san Italiya ba. Kafin a gama addu'ar buɗe taro, sitika ɗari uku sun saki kwalabensu suna yawo a sama kamar ganye a kududdufi. Tawada ta narke, hoton amarya ya fito da gemu. Masu rabo ba su ga abin tsayawa ba, suka yi ta tsamowa suna miƙawa.

Fasto Turyahikayo, kawun ango, wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba tun haihuwarsa, ya shanye ta farko ya ce wannan kunu akwai albarka. A ta uku ya tuɓe takalmi ya faɗa fili yana dirkar ƙasa da rawar mutanen Kabale, har kujeru na motsi. Uwar ango ta ɗauki kwalbar Fasto ta shinshina, ta gyara ɗaurin zane, ta ce kowa nata ya nufi mota. Maama Kyarisiima ta durƙusa a gabanta tana kuka, wallahi har ni na ji tausayinta.

Nan Farfesa ya karɓe lasifika.

"Jama'a, a kwantar da hankali! Takarda ba ta yi laifi ba, ƙanƙararku ce ta cika ruwa. Ni zan tantance kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya, harshena awo ne."

Ya kuwa tantance. Ya kurɓi wannan ya ce bushera, ya kurɓi waccan ya ce sai ya sake ji. A kwalba ta goma sha ɗaya ya daina bambancewa, ya koma yabon duka. Dangin ango suka tafi da Fasto a kwance a bayan mota yana waƙa. Amarya ta bi mijinta daga ita sai direba, kuma har yau uwar ango ba ta amsa gaisuwar Maama Kyarisiima.

A bayan rumfa muka tsinci Farfesa zaune a ƙasa. An zubar da ruwan baho a wurin, wata akuya da aka ɗaure ta miƙa wuya ta ɗauki sitika ɗaya a baki.

"Kun gani?" in ji shi, idonsa cike da ƙwalla. "Duk taron nan ita kaɗai ta san kaya mai kyau."

Akuyar da muka sha gani tana cin kwali da leda ta tauna sau biyu, ta tsaya, ta dube shi. Sannan ta tofar.